Zuwa mashayar Wetherspoon ta bayan gari a Ingila

Shawarar da aka fi bayarwa dai ita ce ka je da rana tsakiyar sati, lokacin dattawan unguwa ne ke zaune, kuma yawancin rassan Wetherspoon, kamfani mai mashaya da yawa a Birtaniya, ba sa kunna kiɗa, hira kawai ake. Giyar ganga da suke sayarwa ba a tace ta, yis ɗinta na nan da rai, da famfon hannu ake jawo ta daga ɗakin ƙasa, sanyinta wajen digiri 12, shi ya sa baƙo ke cewa ta yi ɗumi. In an buɗe ganga kwana uku ta fara tsami, to ka nemi ɗanɗano kafin ka biya, suna bayarwa. Ba mai zuwa teburinka ya tambaye ka abin da kake so, wurin kanta za ka je ko ka yi oda ta manhajarsu da lambar teburinka. Wanda ba ya sha akwai shayi da kofi, ƙari kyauta ne.