Tazarar shuka a ƙaramin lambun bayan gida

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan gida, tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 2. Bara na dasa tumatir kusan gindi 30 a cikinsa, sai ganye ya cushe, na rasa inda zan sa ƙafa, 'ya'yan kuma ba su taka kara sun karya ba. Bana ina son in haɗa tumatir da albasa da latas idan hunturu ya shigo. Don Allah yaya zan tsara wurin?

Mai lambu a bakin Galma:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya cuci tumatirinka cunkoso ne, domin idan iska ba ta ratsa ganye ba, cuta takan samu wurin zama, furen ma ya riƙa zubewa. Ka raba filin gida biyu a tsaye, kowane fangali faɗinsa santimita 80, ka bar hanya ta santimita 40 a tsakiya, yadda hannunka zai kai ko'ina ba tare da ka taka ƙasar ta daskare ba. Tumatir kuwa ka ba shi kamu guda tsakanin gindi da gindi, wato kimanin santimita 50; gindi 8 ke nan a layi ɗaya, kuma da yardar Allah za su fi talatin ɗin nan albarka. Ka sa su ta arewa, ka kafa musu sanda, saboda a watannin sanyi rana takan karkata kudu a nan Zariya, inuwarsu sai ta faɗi waje maimakon ta rufe ƙananan shuke-shuke.

Wata uwa daga Samaru:
Ina goyon bayan Baba. Albasa santimita 10 zuwa 15 ta ishe ta, latas kuma 25 zuwa 30. Ni igiya nake ɗaurewa a turaku biyu, in yanki kara daidai tazarar in riƙa aunawa, don ido yana ruɗin mutum lokacin da dashen yake ƙanana.

Mai lambu a bakin Galma:
Hajiya ta tuna mini da wani abu. Kada ka cakuɗa albasa da latas, Malam. Latas ba ya son ƙasa ta bushe, albasa kuwa idan ta ƙosa, ganyenta ya fara kwantawa, dole a janye mata ruwa, in ba haka ba ta ruɓe a ajiya. Ka tare fangali na biyu da ɗan tudun ƙasa a tsakiya, kowanne da ban ruwansa.