Jirgin dakon kaya mai aiki da LNG: da gaske ya rage gurɓata iska?

Kyaftin: Ga maganar da nake so mu tattauna. Tun 1 ga Janairun 2020 hukumar IMO mai kula da sufurin teku ta duniya ta sauke farar wutar da ke cikin man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. LNG, wato gas ɗin da aka sanyaya zuwa digiri 162 ƙasa da sifili har ya zama ruwa, kusan ba shi da farar wuta, baƙin hayaƙinsa kaɗan ne, iskar kabon kuma tana raguwa da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ni a ganina gardama ta ƙare.

Malama Mai Lissafi: Ranka ya daɗe, batun farar wuta na yarda. Amma mu auna kabon ɗin. Tan ɗaya na LNG yana fitar da tan 2.75. Baƙin man jirgi da aka saba da shi, wanda zai ba da wannan ƙarfi, wajen tan 1.2, yana fitar da kusan 3.8. Ribar kenan tan ɗaya. To LNG metan ne, kuma wani sashe yana sulalewa ta bututun hayaƙi bai ƙone ba. Dokar FuelEU ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta sulalewar kashi 3.1 cikin ɗari ga inji mai bugu huɗu mai ƙaramin matsi, wato kilo 31 a kowane tan. Metan ya ninka kabon kusan sau 30 wajen ɗumama duniya a shekara 100, ka ga kilo 900 da ɗoriya sun cinye kusan duk ribar. In aka auna da shekara 20, ninkin ya haura 80, baƙin man ma ya fi shi sauƙi.

Injiniya: Malama, lissafinki daidai ne, amma kin yi wa injuna kuɗin goro. Matsalar a inda gas ke haɗuwa da iska take. A injin ƙaramin matsi ana cakuɗa su kafin fistin ya matse, sai a tayar da wutar da ɗan dizal. Cakuɗen yana maƙalewa a ƙusurwar da ke tsakanin fistin da bangon silinda, harshen wuta ba ya kaiwa can, ga kuma ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare. Injin ME-GI na kamfanin MAN kuwa, mai babban matsi, yana feso gas a matsin bar 300 bayan an gama matse iskar, yana ƙonewa nan take. Dokar ta FuelEU kashi 0.2 kacal ta ba shi. Injin X-DF na kamfanin WinGD, mai bugu biyu amma ƙaramin matsi, 1.7.

Kyaftin: To ai shi kenan, a sayi mai babban matsi.

Injiniya: A'a, Kyaftin, ba a nan gizo ke saƙa ba. Zafin ƙonarsa yana haifar da hayaƙin naitirojin mai yawa, dole a ƙara na'urar rage shi, SCR ko EGR, kafin ya cika ƙa'idar Tier III ta IMO kan wannan hayaƙin, ga famfon matsi mai tsada. Sannan ko babban injin na ME-GI ne, janaretocin jirgin galibi masu bugu huɗu ne, kuma sulalewar ta fi muni in suna aiki da ƙaramin lodi, kamar a tashar ruwa. Gara a kunna biyu su ɗauki lodi sosai da a kunna uku suna lilo.

Malama Mai Lissafi: Awon da cibiyar bincike ta ICCT ta wallafa a 2024 ma matsakaicin kashi 6.4 ya samu ga injuna masu bugu huɗu da ƙaramin matsi, ninki biyu na abin da doka ta ɗauka. Ba mu ma taɓo yoyon rijiyoyin gas da wutar da ake ci wajen sanyaya gas ɗin ba.

Mai Kula da Lodin Mai: Malamai, ku sa tanki a lissafi. LNG yana cin wuri kusan ninki biyu na baƙin mai. Jirgin CMA CGM Jacques Saadé na 2020, mai kwantena 23,000, tankinsa kubik mita 18,600 ne. Kullum zafi yana ratsawa, gas yana tururi, in ba a ƙone shi ba matsi ya hau. Sinadaran gas ɗin masu sauƙin tururi su ke fara tashi, abin da ya rage ya yi nauyi, injin ƙaramin matsi ya soma ƙwanƙwasa. Wajen lodi kuma sai an kore iskar bututu da naitirojin, a sanyaya shi sannu a hankali, a gwada igiyar kashewar gaggawa tsakanin jirgin da ke kawo man da mai karɓa. In LNG ɗin ya zuba a kan ƙarfen bene, tsagewa yake yi kamar gilashi, shi ya sa ake sa tiren bakin ƙarfe marar tsatsa a ƙarƙashin mahaɗa.

Kyaftin: Na ji. Amma bututun da tankin za su karɓi metan da ake samarwa daga shara ba tare da an canza komai ba.

Malama Mai Lissafi: Za su karɓa, ranka ya daɗe, sai dai shi ma ta ƙusurwar fistin ɗin nan zai sulale. Kuma daga 2026 kasuwar hayaƙi ta Tarayyar Turai tana cajin metan na jirage, don haka a fara tambayar wane inji ne a ciki, da lodin da janaretocinsa ke aiki.