Bitar marubuta a cikin Katsina: in biya in je ko in yi zamana?

'Yar Kusugu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa zuwa bitar rubutun ƙagaggun labarai. An turo mani sanarwar wata da za a yi cikin Katsina, kwana uku, akwai kuɗin rajista kuma ba kaɗan ba, ga kuɗin mota daga Daura, ga kuma sai na lallaɓa Baba kafin ya bar ni in kwana gidan gwaggona a Ƙofar Marusa. Ni dai a WhatsApp nake rubutu ina sakin feji-feji, masu karatu na yabawa ba laifi, amma in na kai tsakiyar labari sai komi ya tsaya cak, in rasa mi zan yi da mutanen, ƙarshe sai in kashe wani ko in aurar da wata don dai in huta. Wai ana koyon wannan a bita ko ko baiwa ce kawai?

Ɗan Gobarau:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata riƙe kuɗinki ki sai data. Na taɓa zuwa irinta, ba zan kama suna ba, aka ce ƙarfe tara, babban baƙo bai iso ba sai wajen azahar, daga nan jawabin maraba, jawabin uban taro, wani ya karanta takarda kan tarihin adabi yana kallon ƙasa har ya gama, aka raba shinkafa aka raba satifiket aka ɗau hoto. Ko layi ɗaya na rubutunmu ba wanda ya duba. Rubutu baiwa ce, wanda Allah ya ba ya ba shi.

Malam na Ƙofar Sauri:
Ɗan Gobarau abin da ka je taro ne ba bita ba, kuma a kan wannan ba ni musu da kai. Amma maganar baiwa ce kawai ban yarda ba, hujjata ma a garin nan take. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubutun labarai a 1933, can ya shigar da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara wanda ya zama Walin Katsina ya shigar da Ganɗoki. To da East ya ga yaron na da hannu ai bai ce baiwa ta wadatar ba, a 1936 ya nemi a ba shi aronsa ya tafi Zariya wata shida, aka tara mashi littattafan labaran Larabawa da na Turawa da na Indiya, yana rubutawa ana dubawa ana gyarawa, a haka aka samu Magana Jari Ce. In mutum kamar Imam ya zauna an bi mashi rubutu da biro, ni da kai su wa?

'Yata, kafin ki biya ki kira masu shiryawar ki tambaye su: za a karɓi rubutun mahalarta tun kafin ranar? Mutum nawa ne a aji? In suka ce ɗari biyu a babban ɗakin taro to lacca za ki sha. Sannan mai koyarwar shi mi ya rubuta, ki nemo ki karanta ki ga ko ya burge ki. Ki kuma tambaya ko akwai zama kan ƙa'idojin rubutu, don yaranmu na onlayin nan ne ke kayar da su, raba kalma da haɗewa da baƙaƙe masu lanƙwasa, alƙalan gasa kuwa ba su ɗaga ƙafa.

Maman Ilham:
Malam Allah ya ƙara lafiya, ka gama magana. 'Yar uwa bari in ba ki nawa, don ni na dace da mai kyau. Ba mu da yawa, an zagaye tebur, kowa da kwafin labarin kowa a hannu. Dokar ita ce in ana tattauna naki ba ki da bakin magana, ba kare kai ba "ai abin da nake nufi", ki yi shiru ki rubuta abin da ake cewa, wallahi zufa har cikin hijabi. Malamar ta sa na karanta shafin farko da ƙarfi ta ce duk wanda hankalinsa ya tafi wani wuri ya ɗaga hannu, ina kaiwa wurin da nake siffanta yarinyar, fara sol dogon hanci gashi har gadon baya, sai ga hannuwa sama kamar ana zaɓe. Ta ce wannan yarinyar tana cikin littafin kowa, nuna mana taki.

Sai ta ba mu aiki nan take, minti goma, a rubuta mace ta ji labarin za a yi mata kishiya amma ban da kalmar kishi ko fushi ko kuka. Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta rubuta matar ta zauna bakin rariya tana dirzar tukunyar da ta riga ta wanke, tana dirza tana dirza har soson ƙarfen ya yanke ta, mijin na tsaye da ledar tsire ba ta ɗago ba. Ajin ya yi tsit. Har yau in zan rubuta "ranta ya ɓaci" sai na tsaya na tambayi kaina mi hannunta ke yi a lokacin.

Batun tsayawa a tsakiya kuwa ciwon mu duka ne masu sakin feji kullum, don muna fara labari ba mu san ƙarshensa ba, masu komen ke ja mu, wannan ta ce a haɗa su waccan ta ce a raba su. Abin da aka koya mana, kafin ki rubuta babi na ɗaya ki amsa a layi uku: mi jarumar ke so, wa ko mi ya tare mata hanya, mi za ta rasa in ta samu. In kin kasa amsawa to labarin bai nuna ba tukuna. Kuma ki gwada gajeren labari, shi ke koya tsuke baki. Gasar Hikayata da BBC Hausa suka fara a 2016 don mata ta sa da yawanmu mun koyi gama labari a 'yan shafuka, ko ba ki ci ba kin dai kai ƙarshe.

Ɗan Gobarau:
To Hajiya irin taki in akwai ni ma zan je. Amma har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya, kwana uku ba su maida mutum marubuci, in ba karatu babu komi. Kuma akwai masu koyarwar da so suke kowa ya koma rubutu irin nasu, har su goge maka Katsinanci daga bakin tsohuwar ƙauye su sa mata Hausar labaran rediyo.

Malam na Ƙofar Sauri:
Nan kam ka yi gaskiya. Bayanin marubuci a daidaitacciyar Hausa, amma tsohuwa ta yi maganarta yadda take yi a gida. 'Yata in kuɗin sun yi nauyi ki nemi 'yan ƙungiyar marubuta ta ANA reshen jiha, ko ki leƙa sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ki yi tambaya, ko ma ku haɗu ku huɗu biyar nan Daura kuna karanta ma juna duk sati biyu, da sharaɗin ban da "masha Allah anti ci gaba" sai an faɗi inda ya yi rauni.

'Yar Kusugu:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya bar zumunci. Na kira su yanzu, sun ce mutum ashirin za su ɗauka kuma a turo shafi biyar kafin Alhamis, sunan mai koyarwar ne dai suka ce sai sun tabbatar. Anti Maman Ilham don Allah in turo maki shafukan ta inbos ki fara duba mani? Akwai dogon hanci a ciki tun layi na biyu.