Likita ya ce a yi wa ƙanena hoton MRI na zuciya bayan an riga an yi eko

Abu Hanan: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena ne, shekararsa 24, sana'arsa walda. Ya yi zazzaɓi da mura, bayan kwana goma sai ciwon ƙirji da haki. Gwajin jini ya nuna tiroponin, sinadarin da ke hawa idan naman zuciya ya ji rauni, ya hau, eko kuma, wato sikanin zuciya, ya nuna zuciyar na fitar da kashi 45 cikin ɗari na jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu. Likita na zargin kumburin naman zuciya, ya ce a yi MRI. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Me zai nuna wanda eko bai nuna ba? Ko mu bari sai bayan Sallah?

Dakta M.: Wa'alaikumus salam, Allah Ya ba shi lafiya. Eko yana nuna yadda zuciya ke motsi ne da girman ɗakunanta, bai iya faɗin halin da naman kansa yake ciki. MRI ne ke rabe kumburi da tabo, kuma inda tabon ya zauna shi ke bayyana musabbabi. Idan jijiyar jini ce ta toshe, tabon yana farawa daga cikin bangon zuciya, ɓangaren da ke taɓa jini, ya bi yankin jijiyar. Idan kumburi ne irin na bayan ƙwayar cuta, yana fitowa dabbare-dabbare a bayan bangon ko tsakiyarsa, galibi ta gefen hagu can ƙasa. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne.

Batun jira kuwa, ban goyi baya ba, Malam. Ruwan da ke taruwa a naman yana janyewa cikin 'yan makonni, shi ya sa ake so a yi hoton cikin mako biyu zuwa uku da fara ciwon. Ƙa'idar Lake Louise ta gane kumburin naman zuciya a hoton MRI, wadda aka fitar a 2009 aka sabunta a 2018, tana neman alama biyu tare: shaidar ruwa a salon hoton da ake kira T2, da shaidar rauni a salon T1 ko tabon da allurar da ake yi lokacin hoton ke haskawa. In an makara ta farkon ta ɓace, sai a biya kuɗi a fito da rabin amsa.

Maman Sadiya, ɗakin hoto: Abu Hanan, maganar walda ce ta fi tsaya mini. Na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, ɗan ɓurɓushin ƙarfe da ya taɓa shiga ido zai iya motsawa ya ji masa ciwo. A tambaye shi ko ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido. In e ne, ko yana kokwanto, a fara yin eksire na idanun.

Kafin ku biya, ku tambayi wurin abu uku. Ƙarfin maganaɗisun na'urar ya kai tesla 1.5? Ƙananan na'urori na 0.2 ko 0.3 da ake hoton baya da gwiwa ba za su yi wannan aikin ba. Suna da wayoyin da ake manna wa ƙirji don na'urar ta bi bugun zuciya? Akwai wanda ya ƙware a karanta hoton zuciya?

Aikin yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda. Za a riƙa ce masa ya riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15, sau da yawa, don haka ya gwada a gida yana kwance rigingine. Numfashi a tsakiyar ɗauka da bugun da ke tsalle-tsalle su ne suka fi ɓata hoto. Ana yin allurar gadoliniyam, ruwan da ke haska tabo a hoto, ta jijiya gwargwadon nauyin jiki, a jira minti 10 zuwa 15, lafiyayyen nama ya wanke ta, mai tabo ya riƙe ya yi fari.

Dakta M.: Hajiya ta yi daidai. In ƙara: a yi gwajin ƙoda tukuna, domin idan ma'aunin tacewarta ya gaza 30 ana taka tsantsan da wannan allurar. A kuma ɗebi jini a auna kaurinsa a ranar, ana buƙatarsa wajen lissafin sakamakon hoton.

Abu Hanan: Na gode, likita. In ya ji sauƙi zai iya komawa shago da ƙwallo?

Dakta M.: A'a. Ƙwallo da ɗaga ƙarfe masu nauyi sai bayan wata uku zuwa shida, ko da yana jin garau, saboda naman da ke kumbure yana iya rikita bugun zuciya farat ɗaya. Kafin a ba shi izinin komawa za a maimaita eko da tiroponin, a ɗaura masa na'urar bibiyar bugu ta awa 24. Wani bincike da aka yi a Italiya a 2017 ya nuna masu tabo a tsakiyar bangon da ya raba ɗakunan zuciya sun fi shiga matsala daga baya, to in rahoton ya ambaci wurin, a matsa bibiya. Kada ya sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis don ciwon ƙirjin. In ya suma, ko ƙafa ta kumbura, ko ya kasa kwanciya saboda haki, a kai shi asibiti a daren.