Akwai makoma a binciken tsaftar nono da madara, ko in sauya fanni?

Hafsat_BK:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a fannin ilimin ƙananan halittu. Na gama bautar ƙasa, ina shirin komawa digiri na biyu, kuma zuciyata ta fi karkata ga binciken ƙwayoyin cutar da ake samu a nono da kindirmo da madarar shanu. Aikin kammala digirina na farko a kan fura da nono na yi shi: na karɓi samfur daga masu talla a tasha da bakin kasuwa, na ƙirga bakteriya, na rubuta abin da na gani. Tun lokacin abin yake raina. Sai dai kawuna ya dage in koma ɓangaren asibiti, wai can ake samun aiki, ba wanda zai biya mutum albashi don yana leƙa ƙwaryar nono. Shin akwai wanda ya gina rayuwarsa a kan wannan fanni? Wace cuta ya kamata in sa a gaba? Kuma ina ake aiki bayan an gama?

Anti_Rabi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wannan fanni nake koyarwa a wata jami'a a nan Arewa, kuma a kan madara na yi digirina na uku, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar.

An yi waɗanda suka ba shi rayuwarsu, kuma wadda ta fi burge ni mace ce. Alice Evans ta fara aiki da sashen madara na ma'aikatar gona ta Amurka a 1910. A 1918 ta wallafa cewa ƙwayar da ke sa shanu ɓari, wadda ake samu a ɗanyar madara, kusan ɗaya take da wadda ke sa wa mutane zazzaɓin Malta. Ba ta da digirin dakta, sai likitoci suka yi watsi da maganarta, masu sana'ar madara kuma suka ce ta haɗa baki da masu sayar da injin dafa madara. A 1922 ita kanta ta kamu da cutar a wurin aiki, ta yi shekaru tana jinya. Daga baya wasu masana suka tabbatar da abin da ta faɗa, a 1928 aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar masana bakteriya ta Amurka, mace ta farko a kujerar. Cutar ita ce burusela, wadda makiyayanmu ke kira bakkale, kuma har yau tana cikin garkunanmu.

Ita zan so ki ɗauka. Mutum ya sha ɗanyar madara, ko nonon da ba a tafasa madararsa ba, sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da baya. Ya je asibiti a ba shi maganin maleriya, bai ji sauƙi ba a ce taifot ne. Alhali maganinta doxycycline da rifampicin ne har mako shida. Kusa da ita akwai tarin fuka na shanu, wanda ƙwayarsa ba ta jin pyrazinamide, ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka. Ki faɗa wa kawu cewa waɗannan marasa lafiya su ne a layin asibitin da yake so ki je.

Abin da zan roƙe ki, kada ki maimaita aikinki na digirin farko. Ɗakunan karatun jami'o'inmu cike suke da kundaye masu cewa an samu ƙwayoyin bakteriya irin su Staphylococcus da E. coli a nonon kasuwa kaza, a rufe da cewa a wayar da kan masu talla. Mun riga mun san ƙwayoyin suna nan. Abin da ke da amfani shi ne a gano ta inda suka shiga. Kindirmo sai an tafasa madararsa kafin a kwantar da shi. Idan kika samu E. coli a ciki, to bayan tafasar ta shiga: ko daga hannu, ko ludayi, ko tsohon nonon da aka zuba don ya kama, ko ruwan da aka tsinka shi da shi, ko ƙanƙarar da aka jefa a fura. Ki bi ƙwarya ɗaya tun daga hantsar saniya da sassafe har zuwa bakin mai sha da azahar, ki ɗauki samfur a kowane zango, ki auna tsaminsa da zafinsa. Mutane suna cewa tsami na kashe komai. Yana rage ƙwayoyi da yawa, gaskiya ne, amma nau'in E. coli da ake kira O157 yana jure tsami, dafin da Staphylococcus ke zubarwa kuwa ko tafasa ba ta lalata shi. Shi ne ya sa mutum fiye da 13,000 amai da gudawa a Japan a 2000, kuma madarar babban kamfani suka sha.

Gargaɗi ɗaya: kada ki ce za ki raini burusela a faranti a ɗakin gwaji na yau da kullum, tana kama ma'aikata ta numfashi. Ki yi gwaje-gwajen da ke gano alamarta, wato gwajin zobe a madara da na Rose Bengal a jini, sannan ki nemi haɗin gwiwa da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda take nan tun 1924, ko cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika.

Dija_Ruga:
Anti Rabi, Allah Ya saka da alheri da kika ce a bi ƙwarya maimakon a tsaya a kan mai talla. Innata nono take sayarwa, da shi aka biya mini makaranta. Duk sanda aka ce bincike ya gano ƙwayoyi a nono, mata irinta ciniki ke faɗuwa a kansu, ba wanda ya zo ya ga cewa a rafi ɗaya ake shayar da shanu a kuma ɗebi ruwan wanke ƙwarya.

'Yar uwa Hafsat, in za ki shiga ruga ki fara gaida Arɗo, ki tafi da mace mai jin Fulatanci, domin da zarar an gama tatsa nono ya koma hannun mata. Ki biya kuɗin abin da kika ɗiba, ki kuma koma ki faɗa musu abin da kika gano. Sannan ki tambaye su batun allura. Ana yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta ta oxytetracycline yau, gobe a tatse ta a haɗa da sauran. Matan sun san irin wannan madara wani lokaci ba ta kwanciya da kyau, tun kafin wani ya zo da na'ura.

Abba_Sharada:
Malama Hafsat, ni a sashen duba inganci nake a wani kamfanin yogot. Aiki akwai, albashin farko dai ba shi da kauri. Bayan kamfanoni akwai NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, da cibiyoyin tattara madara, ga gonar kamfanin madara na Arla a Damau ta jihar Kaduna, ga ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya da aka kafa a 2024. Duk madarar da ta zo mana sai mun gwada ta da alkohol mu ga ko ta fara tsami, mu auna nauyinta don gano ruwa, mu duba ragowar maganin allura. Ki koyi HACCP, tsarin gano wuraren haɗari a sarrafa abinci, tun yanzu, shi ake fara tambaya a intabiyu.

Zan ƙara biyu a kan na Anti. Ƙwayar Listeria tana hayayyafa ko a cikin firji, kuma masu ciki ta fi yi wa illa. A Kalifoniya a 1985 ta bi ta cuku ta kama mutum 142, aka rasa 48, akasarinsu 'yan tayi da jarirai. Yanzu da yogot na roba ya cika shaguna, ga ɗaukewar wuta, dole wani ya sa mata ido. Sai dafin aflatoxin M1, wanda ke bi ta ƙuli da dusa masu fumfuna ya fito a madara. Zafin digiri 72 na daƙiƙa 15 da ake dafa madara da shi ba ya kawar da shi. Iyakar da Codex, ƙa'idojin abinci na duniya, ta yarda da ita maikrogiram 0.5 ce a kilon madara, ta Tarayyar Turai 0.05.

Hafsat_BK:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Anti, in ci gaba a sashenmu ne, ko in nemi gurbi a tsangayar likitancin dabbobi?

Anti_Rabi:
Ki zauna a sashenku, amma ki nemi mai duba aiki na biyu daga sashen lafiyar al'umma na likitancin dabbobi; akwai shi a ABU Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shi zai ɗebar miki jinin shanu. In za ki ɗebi na mutane, ki nemi izinin kwamitin ɗa'a da wuri, yana ɗaukar lokaci. Ki sa akwatin ƙanƙara a lissafin kuɗinki, kuma ki tsara ɗaukar samfur a damina da rani duka, domin yawan nono da ruwan da ake wanke ƙwarya da shi ba ɗaya ba ne a lokutan biyu. Ki rubuto mini tsarin aikin in duba kafin ki miƙa.