Jirgin rakiya ko dogarin sama? Ku taya ni da Mustang

Jama'a ku taya ni, ina ɗan rubutu kan jirgin yaƙin Amurka P-51 Mustang na yaƙin duniya na biyu sai na maƙale a kan sunan Hausa na abin da Turawa ke ce wa eskot faita, wato jirgin da ke raka masu ruwan bama-bamai yana kare su. Mu dai komai jirgin yaƙi ne, mai ruwan bama-bamai da mai tsaron lafiyarsa duk suna ɗaya.

Ga aikin nasa don ku gane. Ranar 14 ga Oktoba 1943 Amurka ta tura manyan jiragen ruwan bama-bamai B-17 guda 291 su kai hari Schweinfurt a Jamus, masu raka su mai ya gaza musu suka juya tun wajen iyakar Jamus, Jamusawa kuwa suka kakkaɓo 60 a yini ɗaya. Shi Mustang da ma don Ingila kamfanin North American ya ƙera shi a 1940, amma injin Allison ɗinsa in aka yi sama sosai sai ya kama haki, sai da aka dasa masa injin Merlin na Rolls-Royce sannan ya miƙe, gudu wajen kilomita 700 a awa, zuwa Maris 1944 yana raka masu ruwan bama-baman har Berlin ya dawo da su gida.

Wani ɗan uwa ya ce jirgin rakiya. Malam ba ka yi ƙarya ba, amma fa ɗan rakiya a bakinmu wanda ya zo cike gurbi ne kawai, ta yaya za a ce wa mai bindigogi 6 a fukafukai ɗan rakiya? Wani Baba ya ce a kira shi zagin sarki, na ce Baba Allah ya ƙara girma, ai zagi gaban doki yake tafiya ba ya dukan kowa. Ni dogari ya fi kwanta min, yana gefen sarki, ka matso ka sha bulala. Dogarin sama ke nan.

Saura tankin man nan da ake rataya masa a ƙarƙashin fukafuki, in ya sha ya ƙare ko faɗa ya tashi sai direban jirgin ya sake shi ya faɗi, wasu ma da takarda aka yi su a Ingila wallahi. Na rubuta tankin yarwa, sai wata Hajiya ta ce me ya hana salka, tunda ita matafiyi ke ratayawa don doguwar hanya? Hajiya kin gama magana, salkar mai na ɗauka, duk da dai Buzu ba ya yar da tasa in ruwa ya ƙare.