Yarinyata tana rubuta ɗari da biyar 1005, ya zan yi da ita?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah malamai da iyaye ku taimaka min da shawara. Yarinyata tana aji biyu na firamare, ƙirga kam ta iya har ɗari biyu ba ta tsayawa, tarawa ma in ƙananan lambobi ne ba matsala, amma da an ce ta rubuta ɗari da biyar sai ta rubuta 1005, wato 100 sannan ta liƙa 5 a gefe. Ga kuma ɗebewa, an ba su 32 a cire 17 ta rubuta 25, na ce ya aka yi haka, ta ce ai 7 ba za ta fita a cikin 2 ba shi ne ta cire 2 daga 7, sannan 1 daga 3. Na nuna mata yadda ake aro ta yi daidai a lokacin, washegari muka koma gidan jiya. Sannan siffofi, in aka juya mata murabba'i ya tsaya kan kusurwarsa sai ta ce ba shi ba ne. Abin yana damuna wallahi don ta fara cewa ita ba ta son lissafi.

Malamin Aji Biyu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, yarinyar nan tana tunani, don duk amsar da ta bayar da dalilinta, kuma matsalar biyun ta farko asalinsu ɗaya ne, har yanzu ba ta gane cewa 3 ɗin da ke cikin 32 talatin ba ce, ita a wurinta 3 ce da 2 zaune kusa da juna. Toh in haka ne ko sau nawa kika ce mata "aro ɗaya" haddacewa kawai za ta yi ta manta.

Ki ajiye biro tukuna. Ki samo tsinken ashana da yawa da zare ko roba, ita da kanta za ta ƙirga goma ta ɗaure, goma ta ɗaure, kar ki ɗaure mata. Ki ja layi a takarda ki yi gida uku, na ɗai-ɗai a dama, na goma-goma a tsakiya, na ɗari-ɗari a hagu, doka ɗaya ce tak, ba gidan da ke ɗaukar abu ya wuce tara, da sun cika goma a ɗaure su su koma gidan gaba. Sai ki ce ta ajiye miki 32, za ta sa ɗauri uku da tsinke biyu, ki ce toh ba ni 17. Ki yi shiru kar ki taimaka mata, za ta tsaya tana kallon tsinke biyun nan, can za ki ga ta kai hannu ta kwance ɗauri ɗaya, tsinke ya zama 12 ɗauri ya rage biyu, ta ba ki 7 da ɗauri ɗaya, saura 15 a gabanta. Abin da ake nufi da aro kenan, ba wani wuri aka samo ɗayan ba, goma ce aka kwance.

Shi kuma 105, ta haɗa ɗauri goma ta yi babban ɗauri ɗaya ta sa a gidan ɗari, tsinke biyar a gidan ɗai-ɗai, sai ki tambaye ta nawa ne a gidan tsakiya? Za ta ce babu. Ki ce ta rubuta abin da ke kowane gida a ƙasansa, 1, 0, 5. Gida uku ne, lamba uku ce, ba inda sifili na biyu zai zauna.

Abban Yara:
Malam ya yi bayani, amma ni dai ina ganin kar a raina hadda, don ko ta kwance ɗaurin in 12 a cire 7 sai ta yi minti biyu tana ƙirga yatsu za ta gaji ta tsani abin. Ni nawa na sa su sun haddace lambobin da ke haɗuwa su ba da goma, 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5, a hanya ma in muna tafiya sai in ce shida su ce huɗu. Kuma ki koya mata duba amsarta, in ta ce 25, ta tara 25 da 17 ta gani ko 32 zai dawo, za ta samu 42 ta san akwai gyara ba sai kin ce mata ba.

Malamin Aji Biyu:
Haka ne Alhaji ban musa ba, haddar tana da amfani sosai, kawai dai ta biyo bayan ganewa. Yatsun kuma kar a hana ta, da kanta za ta bari.

Anti Malama:
'Yar uwa bari in taɓa maganar siffofin tunda ba wanda ya taɓa. Laifin hotunan da ake nuna musu ne, kullum murabba'i a zaune daram, alwatika kullum tsininta a sama gefenta duk daidai, sai yaro ya ɗauka zaman shi ne siffar. Ki yanko su da kwali, ki ba ta ta riƙe tana juyawa, ki ce na ƙara masa wani abu ko na rage? Ta bi gefen da yatsa tana ƙirgawa, gefe huɗu masu tsawo ɗaya, kusurwa huɗu irin na gefen littafi. Alwatika kuma ki yanka iri-iri, wata siririya doguwa, wata a karkace, wata tsininta a ƙasa, indai gefe uku ne miƙaƙƙu kuma a rufe take toh alwatika ce. Ki saka wadda bakinta bai haɗe ba a ciki ki ga ko za ta kama ta, suna son wannan sosai.

Maman Biyu:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka muku da alheri. Malam mun gwada da yamma, ta daɗe tana kallon tsinken sai ta ce Mama in kwance wannan? Na ce ki gwada mana, da ta samu 15 har da tsalle. Yanzu in ba ta irin su 102 a cire 36 ko ya yi wuri?

Malamin Aji Biyu:
Ya yi wuri Hajiya, wannan kwancewa biyu ce, sai ta kwance ɗari ta samu goma-goma sannan ta sake kwance goma ɗaya. Ki bar ta a kan 41 a cire 26, 50 a cire 18 da irinsu, tana yi da tsinke tana rubutawa a gefe, ranar da kika ga ta rubuta amsa ba ta taɓa tsinken ba sai ki kawo mata na ɗarin.